Ruwan da Ya Ƙi Sauka

Na rantse da duk waliyyin da aka binne a Ingila, ba za ku yarda da wannan ba. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa shan giya a garinmu, ya san Hamon. Shi aka kora daga makarantar Fada, limamin cocinmu, tun bai haddace addu'a biyu ba, don ya cika hular Fada da kwaɗi. Shi ya hau da jakin mai gari har saman hasumiyar ƙararrawa, aka kwashe yini guda kafin a sauko da shi.

Kowa a garin ya taɓa zaginsa, ban da mutum ɗaya: surukinsa, tsoho Osbert mai sassaƙar dutse. Ranar jakin nan ce Sibil, 'yar Osbert, matar Hamon, ta rasu a kan gwiwa. Abin da ta haifa bai ko yi numfashi ba balle a yi masa baftisma, tsohon ya naɗe shi ya nufi bayan katangar maƙabarta, inda ake kai irinsu. Tun daga nan bai sake ce wa Hamon uffan ba. Ba zagi, ba gaisuwa.

Shirun nan ya fi bulala ci wa Hamon rai. Wata rana ya bugi tebur a gidan giya, ya ce kafin Ista ta wuce sai ya sa tsohon ya yi masa magana, ko da tsinuwa ce.

"Kai ɗin?" in ji mai giya. "Gara ka gwada zakunan da ya sassaƙa, za su fi saurin amsa maka."

Zakunan suna jikin kwatarniyar baftisma ta cocinmu, aikin Osbert na ƙarshe. Fuska takwas gare ta, kowace da hoton da ya sassaƙa. A nan ana ɗaura aure, a can wani ya durƙusa yana furta zunubi shaiɗan na sulalewa ta bayansa, gaba kaɗan ana shafa wa mai mutuwa mai. Tana zaune a kan ginshiƙi, zakuna da mutanen jeji masu gashi da kulake suna gadinsa. Mala'iku suna tallafe da ita, duk suna kallon jama'a, sai guda ɗaya da ya sunkuyar da kai ƙasa. Hamon ya ce wannan wuyansa ne ya ƙage.

Ruwan cikinta mai tsarki ne, a kulle yake kwana don kada mata su ɗiba su yi magani. Idan lokacin sake shi ya yi ba a zubar da shi a waje. Akwai rami a tsakiya da ya ratsa ginshiƙin har ƙasa. Osbert ba ya barin kowa ya zare toshin ramin sai shi. Yakan durƙusa ya manna kunne a dutsen har ɗigon ƙarshe ya sauka. Mutane suka ce ji da kai ne irin na masu sana'a.

Nan Hamon ya ga lagonsa. Ya san inda Fada Gervase ke rataye mabuɗin kwatarniyar, abin da ya tsira da shi ke nan daga makaranta. Da tsakar rana, ana can ana wata jana'iza, ya kwashe ruwan a tulu, ya ɗura wa ramin narkakken kitsen tunkiya har wuya, ya jira ya daskare, ya mai da komai yadda yake. Ko ni na jinjina masa.

Asabar ɗin Ista, ranar sake ruwan, coci ya cika. Osbert ya zare toshi, ya manna kunne. Shiru. Ya zura ƙarfe, ƙarfen ya fito da maiƙo. Hamon na bayan ƙofa yana cizon hannun riga don kada dariya ta kuɓuce masa.

Fada ya ce a ɗaga ta a buɗe hanyar.

"Fada, a bar ni da ita ni kaɗai," in ji Osbert. "Yini ɗaya kawai."

"Gobe Ista, Osbert. Jarirai na jira."

Tsohon ya rungume ginshiƙin, sai da maza biyu suka ɓamɓare shi. Aka kawo igiya da katako, aka ɗaga kwatarniyar, aka ture ginshiƙin gefe. Daidai inda ramin ya ƙare akwai ɗan akwatin dutse, murfinsa duk huji. A ciki ƙananan ƙasusuwa ne, ruwa ya wanke su fari tas.

"An yi masa baftisma?" Fada ya tambaya.

Osbert ya girgiza kai. "Shekarun nan duk ruwan da ya wanke 'ya'yan garin nan a kansa yake sauka, Fada. Bai isa ba?"

"Ba a yi wa matacce. Ba ni na kafa dokar ba." Fada ya kau da ido. "A fitar da shi bayan katanga."

Hamon ya zunguri na kusa da shi. "Ashe tsoho ma da tasa ajiyar."

Muryar ta fita fiye da yadda ya so. Aka juyo. Mahauci ya tuna wa ya sayar wa kitse, wata ta nuna ƙunar da ke yatsun Hamon. Fada bai tsaya jin ta bakinsa ba. Tun da shi ya tono, shi zai ɗauka, shi zai haƙa, sauran hukuncin sai bayan Ista.

Hamon ya maƙale akwatin a hammata kamar burodi, ya ratsa maƙabarta. A bakin ƙofar katanga ya ji taku a bayansa. Osbert ne. Tsohon ya buɗe baki, Hamon har ya fara murmushi, ya ci nasara ke nan.

"Riƙe shi da hannu biyu, Hamon," in ji tsohon. "Yau ka fara ɗaukar ɗanka."