Kiran Malam Sake

Auta ta gyara madubi, ta ɗaura bel, ta yi bisimilla, sannan ta dubi mahaifinta tana jiran ya samo laifi. Ya nema, bai samu ba.

"Mu je," ya ce.

A makarantar koyon tuƙin da yake aiki, Malam Sake ake ce masa, a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa in baki ya suɓuce. Shi ya jawo wa kansa sunan. Ka yi ribas ka taɓa taya, sake. Ka sha kwana ba sigina, sake. Samari kan zo masa da lasisi a aljihu da ƙafa mai nauyi a kan totur, sun koyi mota wajen abokin da shi ma wajen aboki ya koya. Yakan ce musu shi ba tuƙi yake koyarwa ba, tsayawa yake koyarwa. Su kwashe da dariya. Shi ba ya yi.

Da can yana yi. Babban ɗansa, wanda ya koya wa mota da hannunsa, ya shige ƙarƙashin tirela da rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya, ba rami, ba ruwan sama. An tarar da waya a hannunsa. Masu zuwa ta'aziyya, da yake ba a raba su da sani, suka yanke hukunci cewa budurwa ce ta kira. Wasu suka ce abokai. Malam ya karɓi gaisuwa, ya ce haka Allah ya so, bai tambayi kowa komai ba. Aka yi ta yabon tawakkalinsa.

Tun daga nan ƙaramar motar gidan take lulluɓe da tamfal, makullinta a aljihunsa. Yanzu ga Auta ta samu aiki a wani asibiti can ƙarshen gari.

"Ko ka ba ta makullin nan," in ji mahaifiyarta, "ko ka bar ta ta riƙa hawa bayan baburan yaran da ka kayar."

Ya ƙarasa shan shayinsa. Daga bisani ya ce zai gwada ta kamar kowa, da bambanci guda: ita ba ta da sake. In ta faɗi, maganar mota ta mutu a gidan.

Ga su a filin koyo na bayan makarantar. Ta bi tsakanin tsofaffin tayoyi ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tashi motar a kan gangara ba ta zame baya ba. Ya zauna hannu a kan gwiwa, yana kallon gilashi kamar mai kallon bango. Ba ya jin tsoro, ba ya jin daɗi. An daɗe rabon da ya ji ɗayansu.

"Tsaya nan."

Ya sauka, ya ce ta zagaya filin ita kaɗai, ta dawo ta same shi. Wannan shi ne gwajinsa na ƙarshe, kuma a nan gwanaye ke zubewa. Yakan bari sai ɗalibi ya yi nisa, ya saki jiki, sannan ya kira shi a waya. 'Ya'yan mutunci ne, an yi musu tarbiyya, sun san ba a barin babba yana jira. "Na'am, Malam?" Shi kenan, sake. Waɗanda suka faɗi kuwa ba sa tona asirin tarkon, don ba mai son ya zama shi kaɗai ne a rijiya.

A gidansa ma dokar ta fi tsanani. Da ita ya raini 'ya'yansa: in ya kira, kada wayar ta yi ƙara sau biyu, ko mutum na wanka ne.

Motar ta kai ƙarshen filin. Ya ciro waya, ya danna, ya kara a kunne. Ta shiga. Ta yi ta ƙara. Ya tsaya a rana yana saurare, idonsa a kan motar, tana tafiya salin-alin ba ko karkacewa, har kiran ya katse da kansa. Ya sake kira. Haka.

Ta dawo, ta tsaya daidai ƙafarsa, ta ja birkin hannu, ta kashe mota. Ya leƙa ta taga. Wayar na kan kujerar gefe, a kife.

"Na kira ki."

"Na ji, Baba."

"A gidana kika koyi ƙin amsa kiran ubanki?"

Ba ta ɗago ba. Hannayenta biyu na kan sitiyari, inda ya koya mata ta ajiye su.

"Ina tsaye a bayanka ranar da ka kira Yaya," ta ce. "Shi ai ya amsa."