Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa

"Yaya, sun sake yabon ƙofar nan!" Auta ta jefa wayarta kan tebur don wasa, ranta a ɓace.

Wasan kwamfutar da ta haɗa da yayanta a ɗakin baya ya karɓu, ana ta rububin sayensa. Masu sharhi kuwa bakinsu ɗaya: ƙofar ƙarshe da ba ta buɗuwa ita ce hikimar wasan, wai haka rayuwa take.

"Wace hikima? Kai ne ka manta ba ka saka mabuɗin ba! Na ƙarar da idona wajen zana lambun da ke bayanta, ko mutum ɗaya bai gani ba."

"Ki ƙyale su mana, tunda suna so," in ji yayan.

Ina! Ta tsare shi sai da ya gyara, aka tura wa kowa gyaran.

Washegari ta buɗe shafin sharhi tana murmushi. Taurari biyar sun koma ɗaya. Wanda ya fi kowa yabonsu a da ya rubuta: "Sun ga kasuwa, sun liƙa wani lambun banza. Da gani ba hannun mai wasan na asali ba ne."