Dabino Goma Sha Uku

Kullum kana ce mini lissafi ba ya ƙarya. Ban musa ba, amma zauna ka ji yadda ya yi da wani.

Wani manomi can arewa ya rasu, ya bar garka mai itatuwan dabino goma sha uku da 'ya'ya maza uku. Dukansu a birni suka tashi wajen kawunsu, ba su san dabino ba sai a faranti. Babbansu, Isuhu, mutum ne mai kai, kuma ba abin da yake tsoro kamar a ce ya ci haƙƙin ƙannensa, zumunci ya watse a hannunsa. Ya zauna bakin rijiya yana zane a ƙasa da tsinke. Ya raba uku, kowa huɗu, ɗaya ya yi saura. Don ya ga iyakar taurin kan abin, ya gwada biyu, ya gwada huɗu, ya gwada shida, kullum ɗayan nan yana tsaye yana kallonsa. Sha uku ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Sha biyu kuwa tuwo ne mai laushi, ta inda ka yanka ta yanku. Ya tashi ya zaga garkar, sai ga wani dogon itace a kusurwa, ba ko ɗa ɗaya a kansa, alhali sauran sun rusuna da nauyi. Ransa ya yi fari tas. Ga rarar, ga ta kuma juya.

Gwaggonsu, ƙanwar marigayin, ta ce, "Isuhu, ku bar wannan. Ubanku ba ya wasa da shi."

Ya ce, "Gwaggo, sabo ne irin na tsofaffi. Abin da ba ya haihuwa, in aka bar shi rigima zai haifa."

Bai tambaye ta dalili ba, ita ma da ta ga an raina ta sai ta ja bakinta ta tsuke. Aka sare itacen, har gungumen ya sa aka tsaga uku, kada wani ya ce an cuce shi.

Shekara ta zagayo, 'ya'yan dabino suka fito ƙanana ba ƙwallo, suka zube tun suna kore. Ta biyu ma haka. Sannan ne Isuhu ya je ya durƙusa gaban gwaggo, ta gaya masa abin da ya ƙi tambaya: wancan shi ne namijin. Kowace shekara ubansu yakan hau ya yanko furensa, ya bi matan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu. Duk kwarin nan babu wani namijin, wanda za a dasa kuwa sai ya ci shekaru kafin ya yi fure.

Ƙannen ba su jira ba. Autan ya sayar da nasa ga baƙo, na tsakiya ya daina amsa sallamar yayansa. Abin da Isuhu ya sare itace don gudunsa, shi ya same shi har gida. Yau in ka bi ta wurin za ka gan shi da furfura yana ban ruwa, baƙin ciki na cin sa. Itatuwan suna nan sha biyu cif, kowane kaso huɗu, lissafi bai yi kuskure ko kaɗan ba.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.