Tudun Bayan Gada

Tunda ka ce sai ranar da buƙata ta taso za ka sauko da kekenka daga inda ka rataye shi, Sallau, gyara zama in ba ka misali.

Wasu maƙwabta biyu ne, wurin aikinsu ɗaya, wata masaƙa can ƙetaren gada. Ɗaya kullum a keke yake zuwa, shekara tara, rani da damina, ya naɗe ƙafar wando ya cusa cikin safa. Ɗayan mai mota ne, mutumin kirki, sai dai baki. In ya wuce maƙwabcin a hanya sai ya danna masa ham, ya bar shi da hayaƙi, a wurin aiki kuma ya ce ga wanda ya mai da cinyarsa tankin mai. Mai motar nan yana da 'ya guda tilo mai ciwon asma, wadda hayaƙin gari ke shaƙe wa ƙirji duk ranar da iska ta tsaya. Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar wahalar mai, matarsa ta bugo masa waya a masaƙa tana kuka: yarinya ta faɗi, numfashi sai fito yake yi, maganin shaƙar da ke gida ya ƙare. Sai a lokacin ya tuna sabon da ya saya jiya yana cikin mota, ya manta bai shiga da shi gida ba. Ya ɗauko maganin, ya leƙa titi. Layin mai ya toshe gadar, motoci sun yi cirko-cirko, gaba ba hanya, baya ba hanya, 'yan acaɓa ma duk suna cikin layin da busassun tankuna. Mai keke ya miƙo hannu ya ce, “Maƙwabci, ba ni in kai mata.” Uban ya ce a'a, 'yarsa ce, shi zai je, ai keke ba wani abu ba ne, ya hau shi tun yana ɗan firamare. Ya fizge keken ya haye.

Da gaskiyarsa, bai manta tuƙi ba. Ya ratsa tsakanin motoci, ya ƙetare gada lafiya. Amma bayan gadar akwai wani dogon tudu, wanda shekara da shekaru yana wucewa a mota bai taɓa sanin tudu ba ne. Kafin ya kai rabi cinyoyinsa sun ɗauki wuta, zuciya na dukan uku-uku, ga manyan motocin da suka maƙale suna feso masa baƙin hayaƙi a fuska, yana haɗiya da baki buɗe. Ya sauka ya tura. Turawar ma ta gagara. Ya zube a bakin kwalbati, magani a hannu, waya na ta ƙara a aljihu, shi kuwa ba shi da numfashin da zai ce “ga ni nan tafe”. Ni dai ban san tsoron da ya kai wannan ba, ceton ɗanka yana tafin hannunka, ƙafarka ta ƙi ɗaukarka. Yana nan sai ga maƙwabcin da sassarfa, ashe tun daga masaƙa ya biyo shi a ƙasa, don shi ya san tudun. Ya zare maganin daga hannunsa, ya ɗaga keken, ya miƙe tsaye kan feda, ya haye. Can sai wayar ta daina ƙara, shirun nan kuwa ya fi ƙarar tayar da hankali. Uban kuwa sai da ya yi kusan awa kafin ya ja ƙafa ya isa unguwa, ya hangi mutane tsaitsaye a ƙofar gidansa, ya zaci makoki ne. Da ya kutsa ciki ya tarar da yarinyar kwance kan cinyar uwarta, tana jan numfashi a hankali. Wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ke zaune gefensu ta dube shi ta ce, “Da an ƙara ko minti biyar, da yanzu wani zancen ake yi.” Ya jingina da bango ya fashe da kuka, don ya san wa ya cinye mintocin da aka rasa.

To ka ji, Sallau. Keke ɗaya ne, tudu ɗaya ne, ƙirjin ne ba ɗaya ba. Ɗaya ya yi shekara tara yana gina nasa kowace safiya, ɗayan ya zo nema ranar da rai ke hannun Allah. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.