Taku Uku Daga Ƙofa

Ƙofar ta buɗe daidai lokacin da na saita bindiga a kanta, yatsana a kan kunama. Mama ce, makulli a hannu ɗaya, tukunyar wake a ɗayan.

Tun da aka sako tsohon mijina daga wani kurkuku a Texas nake wannan atisaye kullum da la'asar, yadda malamin harbi ya koya mana. In cire gidan harsashi in kai wani ɗaki, in tsaya taku uku daga ƙofa, in zaro bindiga in danna kunama, sau hamsin. "Kada ki tsaya kallon fuska," in ji shi. "Ƙirji za ki nema." Cikin wata huɗu hannuna ya daina jiran izinina.

Yau wannan ce dannawar farko. Da ƙyar na ƙwace yatsan.

"To, sojar gida, sauke abin nan kafin waken ya huce," in ji Mama.

"Sau nawa zan ce ki riƙa ƙwanƙwasawa, Mama?"

"Makullin da kika ba ni na ado ne? Ai ke kika ce in kina wasanki babu komai a cikin bindigar."

"Babu komai," na ce. Na mai da bakin bindigar ƙasa, na ja samanta baya don in nuna mata.

Harsashi ɗaya da ya saura a cikinta ya yi tsalle ya faɗo, ya gangara a kan daɓen katako, ya tsaya a jikin takalmin Mama.