Karofin Osaka

Kai da kake ce mini tsohonka ba ya neman komai a wurinka, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan gyaran mota daga ƙasar Japan. Da Allah ya buɗa masa, sai ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da mahaifinsa, su je birnin Osaka su buɗe ido, su yi sayayya. Tsohon marini ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a bakin karofi, har yanzu faratansa shuɗaye ne. Idanunsa kuwa sun soma tafiya, likita ya riga ya gaya wa ɗan cewa ganin da ya rage ba shi da yawa. Shekarun baya wani baƙo ɗan Japan ya taɓa zuwa karofinsu, ya nuna wa tsohon nasa faratan, su ma shuɗaye, ya bar masa ɗan ƙyalle, rinin ƙasarsu. Tun daga ranar tsohon yake son ya ga irin ramin da ƙyallen nan ya fito. To, ɗan kasuwar ɗan fari ne, ka kuwa san tsofaffinmu da ɗan fari: ko sunansa ba sa kamawa, balle su roƙe shi abu sau biyu. Sau ɗaya tsohon ya faɗi burin nan nasa, a cikin jirgi, yana kallon taga. Ɗan ya ce, "An gama, Baba."

Da suka sauka ya tambaya a masauki, aka ce ai akwai masu rini a gefen gari, 'yar tafiya ce a jirgin ƙasa. Ya ce gobe. Sai dai akwai tsaraba, mutumin nan kuwa yana tsoron bakin mutane fiye da tsoron gobara. Waya ba ta huta ba: surukai na son tukunyar lantarki, abokan kasuwa na son agogo, har wanda ko rakiya bai yi musu ba ya aiko da lambar takalminsa. Yara suka ce sai sun ga tsohuwar fadar nan mai zagaye da ruwa, aka kai su. Suka ce sai gidan kifaye, aka kai su. Uwarsu ta shiga wata kasuwa mai rufi wadda ba a hango ƙarshenta, ta fito da wuƙaƙe da laima da man shafawa. Tsoho fa? An mai da shi mai gadin leda. Duk kantin da aka shiga, sai a zaunar da shi a kan benci, a jibge kaya a gabansa, ƙyallensa na cikin aljihu. Da yamma ɗan zai ce, "Baba, yau ma lokaci ya ƙure, sai gobe." Tsohon ya ce, "Ba komai." Shi kuma, wai ɗan Bahaushe, ya ɗauka ba komai ɗin ne! Bai san ba komai ɗin tsoho ya fi kukan yaro nauyi ba.

Sai ranar da za su tashi, bayan an ɗaure akwatuna, ya riƙo hannun tsohon suka hau jirgin ƙasa. Suka yi ta lalube a lunguna har suka sami gidan masu rinin. Ƙofa a rufe. Wata tsohuwa maƙwabciya ta fito tana ta sunkuyawa, da taimakon fassarar waya ta fahimtar da ɗan cewa jiya ma suna nan suna aiki, yau da sassafe suka tafi ƙauye, domin lokacin da mutanen ƙasar ke ziyartar kaburburan iyayensu ya zo. Maganar ta soke shi. Mutane sun rufe sana'arsu don iyayen da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ga nasa a tsaye kusa da shi, ya kasa ba shi wuni guda. Tsohon ya dafa ƙofar, ya kai hancinsa wurin tsagar katako, ya daɗe yana shaƙa. Warin baba, ganyen rinin nan, yana fitowa, warin da kowa ke gudu amma marini ke kira ƙamshi. Ya ɗago ya ce, "Rinin ya nuna. Ba komai, mu je kada jirgi ya bar mu."

Suka dawo gida aka raba tsaraba. Tukwanen nan ba su jitu da wutarmu ba, ana jona su suka ƙone. Mai takalmi ya ce ya matse shi. Waɗanda ba su samu ba suka zage shi, waɗanda suka samu suka raina. Kafin damina ta zagayo, idanun tsoho suka rufe ruf. Ɗan ya zo ya durƙusa, ya ce zai mai da shi Osaka, su biyu kaɗai, babu kanti babu kasuwa. Tsohon ya kai hannu jikin rigarsa. Ya laluba aljihu, ya ciro ƙyallen, ya miƙa ta inda ya ji murya, ya ce, "Duba mini, har yanzu shuɗi ne?" Mutumin nan ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Har yau yana zuwa Osaka, amma bai sake iya bin lungun nan ba.

Don haka tashi ka je wurin naka tun yana gani. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.