Hard Disk Ɗin Salimatu

Fitilar hard disk ɗin ta kama, yana ƙugi a kan tebur, amma Windows ta ƙi ganinsa.

Waris ya zare kebul ya sake sokawa. Shiru. Ya canja ramin USB. Shiru. Dattijuwar da ta kawo aikin tana zaune a kujerar kwastomomi, carbi a hannu, idonta kyam a kan allon laptop ɗin kamar ta san abin da take kallo.

Labarin Salimatu ba baƙo ba ne a unguwar Lozells ta Birmingham, har a wannan ɗan shagon gyaran kwamfuta. Akanta ce a Manchester, mijinta Abdulsalam injiniya. Ya karya mata hannu a ƙarshen hunturun 2007, ta fita daga asibiti ta ɗauki 'yarta Zinatu ta ɓace. Tun ranar yake nemanta, masallaci-masallaci, gida-gida, da murmushi da muryar mutumin kirki. Matan Hausawa kuwa sun yi bakinsu ɗaya: idan ya gano inda take, sai dai wani labarin.

Shi ya sa Waris ya yi rantsuwa ba zai taɓa kayan Salimatu don wani namiji ba. Amma wannan uwa ce. Ta ce daga Kano ta taso, 'yarta ta yanke waya da kowa saboda tsoro, ita kuma so take ta riga wancan mutumin isa gare ta. Ta shiga flat ɗinsu na Rusholme a Manchester yana wurin aiki, ta kwaso laptop da hard disk.

"Hajiya, duk masu gyaran Wilmslow Road a can Manchester, sai Birmingham?"

"Can an san fuska, ɗana."

Waris ya gyaɗa kai. Gaskiya ne, Abdulsalam ya san kowa a can.

Matsalar ta masu wayo ce. Laptop ɗin Mac ce, amma Salimatu ta dasa Windows a cikinta, kwamfuta a cikin kwamfuta, abin da ake kira virtual machine. A can ta kulle hard disk ɗin, can kaɗai zai buɗe. To ga shi da an soka, sai Mac ta riga ta cafke shi, ta riƙe abin da ba ta iya karantawa, Windows kuma na ciki tana jiran gawon shanu.

Ya fitar da shi daga Mac ɗin. Bai bayyana ba. Ya kashe Windows, ya shiga settings, sai ga USB a kashe. Kai! Da hannu aka kashe shi. Salimatu ta rufe wannan ƙofar da gangan, kuma sai da ya juyo ya dubi dattijuwar kafin ya taɓa ta.

"Yarinyar nan Zinatu ko takalmin sanyi ba ta fita da shi ba," in ji dattijuwar, murya na rawa. "Salimatu akwai taurin kai."

"Hannu fa ya karya mata, Hajiya."

"Allah ya shirya shi."

Tun da ta shigo ba ta kama sunan Abdulsalam ba ko sau ɗaya. Wancan, mutumin, shi. Waris bai ga laifinta ba. Wace uwa ce za ta kama sunan suruki, balle irin wannan? Tausayi ya rufe shi, ya tuna tasa uwar a Kumasi. Ya kunna USB ɗin, ya tayar da Windows, ya miƙa wa Windows ɗin hard disk ɗin daga menu.

Ƙararrawar Windows ta yi ƙara. Ga shi nan ya fito.

Fayilolin aiki ne birjik, sai wani folder na hotunan wani gida da aka ɗauka ana saura kwanaki ta gudu. Kicin babu komai. Ɗaki babu gado. Koriyar ƙofa da lamba a jiki. Sai allon sunan layi, a Sparkhill, bayan Stratford Road. Ashe duk wannan neman tana nan kusa da su.

Dattijuwar ta miƙe. Ta karanta sunan layin a hankali, ta maimaita lambar, rawar murya ta tafi. Ko laptop ɗin ba ta waiwaya ba. Tana fita tana laluben waya a jaka.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Asmawu, matar Waris, ɗauke da kular abincin rana. Asmawu, wadda ta tashi a Manchester, ta rusuna ta gaishe ta. Dattijuwar ta amsa a tsaitsaye, ta nufi wata baƙar mota da ke tsaye a kan kwana, injinta a kunne.

Asmawu ta ajiye kular, fuskarta ta canja.

"Waris, me ya kawo Hajiya Turai shagonka?"

"Uwar Salimatu? Taimaka mata na yi."

"Wace uwar Salimatu? Uwar Salimatu ta rasu tun tana jami'a! Wannan ai uwar Abdulsalam ce, shi ne ɗanta na fari."